Zanen Tatu Bayan Cire Mama: Amfaninsa da Sharuɗɗansa

Tiyatar cire mama saboda sankara takan bar dogon tabo a ƙirji, kuma sau da yawa kan maman da baƙin da ke zagaye da shi sukan tafi tare da naman da aka yanke. Ko an sake gina maman da silikon, ko da naman da aka ɗebo daga ciki ko baya, abin da ke fitowa tudu ne marar kai. Ciwo ya warke, likita ya yi sallama, amma mata da yawa sukan ƙaurace wa madubi, su riƙa ɓoye jikinsu har ga mazajensu. Wannan damuwa ce ta sa zanen tatu, wato cusa tawada cikin fata da allura, ya shiga cikin matakan ƙarshe na jinya a Amurka da Turai.

Zanen iri biyu ne. Na farko yana maido da kamannin kan mama: ana haɗa launi mai duhu da mai haske har ido ya ga kamar kan ya taso, alhali fatar a shafe take. Vinnie Myers na garin Finksburg a jihar Maryland ya yi suna a wannan aiki, a Birtaniya kuwa ma'aikatan jinya da aka horar ne ke yin sa a asibitocin gwamnati da dama. Na biyu zanen ado ne, galibi furanni da rassa, da ake shimfiɗawa a kan tabon domin ya ɗauke ido daga gare shi. David Allen, mai zane a Chicago, ya yi rubutu a kansa a mujallar likitoci ta JAMA a 2017, kuma ƙungiyar P.ink da aka kafa a 2013 tana haɗa matan da masu zanen da ke yi musu kyauta a watan Oktoba.

Amfaninsa ga zuciya ba ɓoyayye ba ne. Tun daga ranar da aka gano cutar, wasu ne ke yanke hukunci kan jikin mace: inda za a tsaga, abin da za a cire, har ɗigon tawadar da ake yi mata domin saita na'urar gashi, wato mai ƙona ƙwayoyin sankara. Zanen nan ita ke zaɓen siffarsa da launinsa da ranar yin sa. Sai dai ba ya maganin ciwon damuwa. Wadda ta daina barci, ko cin abinci, ko shiga mutane, likitan ƙwaƙwalwa take buƙata tukuna.

Fatar da ta sha wuƙa da gashi ba irin sauran fata ba ce, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Takan yi siriri, jini ba ya gudana a cikinta sosai, ba ta saurin warkewa. Yawanci ma a mace take, ba ta jin zafi, saboda haka mai zane zai iya wuce gona da iri ba tare da matar ta sani ba. Don haka ba a fara zane sai an gama kemo, wato magungunan kashe sankara, da gashi, tabon ya kwanta, launinsa ya daidaita. Zanen kan mama yakan jira watanni kaɗan bayan tiyatar ƙarshe. Na ado kuwa an fi so ya jira aƙalla shekara guda. Izinin likitan tiyata da na sankara shi ne sharaɗi na farko, musamman ga wadda aka cire wa kaluluwar hammata, domin ƙwayar cuta kaɗan na iya tayar mata da kumburin hannu mai wuyar sauka.

Mai zanen dole ya zama wanda ya saba aiki a kan tabon tiyata, ya nuna hotunan aikinsa bayan ya warke, ya kuma buɗe sabuwar allura a gaban matar, saboda ciwon hanta da ƙanjamau na bin allurar da aka maimaita. Jan tawada ta fi tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje. Baƙar fata tana da nata lamarin: tabo mai tsiro da kauri, wanda likitoci ke kira kiloyid, ya fi yawa a cikinta, kuma wadda hujin kunne ya taɓa yi wa irin wannan tsiro ta fi dacewa da haƙura. Tawada kan kuma gangara zuwa kaluluwa ta fito a hoto kamar alamar cuta, shi ya sa ake sanar da mai ɗaukar hoton mama cewa akwai zane. Launin yakan kuma dushe, a buƙaci sabuntawa bayan wasu shekaru.

Ga Musulma akwai batun hukunci. Jumhurin malamai sun haramta zanen dindindin, ko da yake wasu na zamani sun bambanta ado da gyaran nakasar da cuta ta jawo. Fatawa a kan halin mace ɗaya aikin malami ne da ya ji bayanin likita. Ga wadda ba za ta yi zanen dindindin ba, akwai kan mama na silikon da ake liƙawa a cire, akwai kuma jan lalle da ake iya zanawa a kan tabon da ya warke sarai. Baƙin lalle na dayis kuwa bai dace da wurin ba, domin sinadarin PPD da ke cikinsa na iya ƙona fata ya bar sabon tabo.