Ƙwayayen Ƙwari a Jikin Ganye: Darasi Kan Bayyana Siffa

Wannan ɗan rubutu zai yi tsokaci ne a kan yadda ake gane ƙwan ƙwari a jikin tsirrai, da kuma yadda ɗalibin Hausa zai bayyana abin da ya gani. Wani zai ce mene ne ruwanmu da aikin masana noma? Amsar ita ce, idan aka tashi fassara sanarwar malaman gona don manoman Gubi ko Yelwa, mu za a nema.

Da farko a kula da lanƙwasar harafi, musamman mu da Hausa ba ita ce harshenmu na farko ba. Ƙwari jam'in ƙwaro ne, kwari kuwa shi ne wuri mai gangara ko gidan kibiya. Jam'in ƙwai kuma ƙwayaye.

Abin da ake fara dubawa shi ne shukar da ƙwan yake kai, sannan launinsa da yadda aka jera shi. Tsutsar masara da aka fara gani a Nijeriya a shekarar 2016, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, ita ce misali mafi muhimmanci. Uwarta, wani malam-buɗe-littafi na dare, takan saka ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a dunƙule a jikin ganyen masara, ta lulluɓe su da wani gashi mai ruwan toka kamar auduga ta yi datti. A lokacin zafi, kwana biyu zuwa uku sun isa su ƙyanƙyashe. Manomin da ya murƙushe wannan dunƙule da yatsa ya hutar da kansa yaƙi da tsutsotsi masu yawa, domin da zarar sun shige zuciyar masara, feshi ma da ƙyar yake kai musu.

Sai dai ba kowane ƙwai ne abokin gaba ba. Ƙwai ruwan ɗorawa, dogaye, a tsaitsaye cikin gungu a ƙarƙashin ganyen wake, sau da yawa na ƙaramin ƙwaron nan ne mai jan baya da baƙaƙen ɗigo, wanda ke cinye ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye. Haka nan busasshen kumfan da ake gani manne da reshe, gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi ne, shi ma mafarauci. Fara kuwa a cikin ƙasa take binne nata.

A nan ne aikinmu yake. Idan mai fassara ya ce "a kashe ƙwan ƙwari" kawai, ya sa manomi ya hallaka masu taimakonsa. A ganina kalmomi irin su dunƙule, jere, ɗaiɗai da tsaitsaye sun wadatar, ba sai an aro daga Turanci ba. Wanda ya ga ƙwan da bai sani ba, ya tsinko ganyen ya sa a kwalba, ya rufe bakinta da ƙyalle, ya jira ya ga abin da zai fito.