Lambobin da Suka Ƙi Rabuwa

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na firamare. An koya musu lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, ya haddace amma kullum rikicewa yake. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwar yaron lafiya lau. Hadda aka ba shi kafin ya gani da idonsa.

Samo gyaɗa ko tsakuwa ku zauna a tabarma. Ba shi 12, ki ce ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Zai samu layi 3 na huɗu-huɗu, ko 2 na shida-shida. Sai ki ba shi 7. Duk yadda ya juya sai wata ta yi saura, sai dai ya miƙe su layi guda. Ya kama lamba ɗaya da ba ta rabuwa ke nan. Ku riƙa karɓa-karɓa da ƙannensa, wanda ya kama ya cinye gyaɗar.

In hannunsa ya faɗa, ki rubuta 1 zuwa 100 a kwali. Ya soke 1, ya bar 2 ya soke duk ninkinta, haka 3, 5 da 7. Guda 25 za su tsira. Wannan dabara ta Eratosthenes ce, masanin da ya zauna a Iskandariya ta Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Ki lura da 9 da 15, yara kan ɗauka duk mara ba ta rabuwa. Kada ki yi masa tsawa in ya kuskure, miƙa masa gyaɗar ya sake jerawa. Minti goma bayan la'asar ya isa.