Me Ya Sa Murya Ke Yankewa? Darasi Kan Rauta Da Kiran Intanet A Gida

 

A hutun da ya wuce na bar Tambuwal na tafi Kebbe wurin kakata, wadda muke kira Inna. Baffana da ke sana'a a Legas ya aiko mata da rauta, wato ɗan akwatin nan da ake sa wa sim ya riƙa raba intanet ga wayoyin gida ta Wi-Fi. Burinsa bai wuce ta riƙa ganin jikokinta ta kiran bidiyo ba, domin ya daɗe rabonsa da gida. Ranar farko da aka kira, sai ga Baffa ya daskare a fuskar waya baki buɗe, muryarsa na fitowa guntu-guntu. Inna ta kalle ni ta ce, "Wanga akwati naku in'ina gare shi." Kowa a gidan ya ce laifin netwok ne. Sai da na kwana biyu ina gwaje-gwaje kafin na gane cewa mafi yawan laifin a cikin gidanmu yake.

Mu fara da yadda murya ke tafiya. Idan ka kira mutum ta WhatsApp, wanda ya fara ba da damar kiran murya a 2015, na bidiyo kuma a 2016, wayarka tana yanka maganarka gunduwa-gunduwa, ta mai da kowace gunduwa lambobi, ta aika. A tsarin da aka fi amfani da shi, duk daƙiƙa ɗaya ana aika gunduwa wajen 50. Ka ɗauka kamar ka raba saƙo ga yara hamsin, kowa ka ba shi kalma ɗaya, ka ce su ruga gidan maƙwabci su faɗa a jere. In sun isa kan lokaci, saƙo ya fito sarai. In biyar sun tsaya kallon ƙwallo a hanya, ba za a jira su ba, kalmominsu sun faɗi ke nan. In'inar da Inna ta ji ke nan.

Wannan ne ya bambanta kira da kallon fim. Fim yana iya tsayawa ya tara abin da zai nuna sannan ya ci gaba, amma hira ba ta jira. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce miliseƙan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ya wuce haka sosai, sai ku fara cin karo da juna a magana, kai ka ce "ina jin ka", shi ma ya ce "ina jin ka". Saboda haka kira ba ya buƙatar intanet mai gudun tsiya. Abin da yake so shi ne hanya mai natsuwa. Kiran murya yawanci ba ya cin megabayit 1 a minti, na bidiyo ne ke ninka haka sau da yawa.

Hanyar kuwa zango uku ce. Na farko daga wayarka zuwa rauta. Na biyu daga rauta zuwa ƙarfen sabis na kamfanin da ka sa siminsa, MTN ne ko Airtel ko Glo. Na uku daga ƙarfen zuwa wurin wanda ka kira. Duk wanda ya iya gane zangon da matsala take, ya gama rabin gyara.

Saita rauta sabuwa ba shi da wuya. A sa sim tana kashe, a tabbatar an haɗa layin da lambar NIN, domin layin da ba a haɗa ba ana rufe shi, a kuma tabbatar akwai data. Tun 2023 hukumar NCC ta haɗe lambobin kamfanoni wuri ɗaya: *323# na duba ragowar data, *312# na sayen ta. Idan rautar ba ta da inda ake danna lamba, sai a yi amfani da manhajar kamfanin ko a sa simin a waya a duba. Juya akwatin, za ka ga takarda manne da sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa da adireshin shiga saiti, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta adireshin a burauza bayan ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗin. Abu na farko da za ka yi a ciki shi ne canza kalmomin sirri guda biyu, ta Wi-Fi da ta shiga saitin kansa. Mutane da yawa suna canza ta farko su bar ta biyu a kan "admin", kamar wanda ya kulle ƙofar ɗaki ya rataye makullin a jikinta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin ajiyewa. A gidan Inna an sa rautar a ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin tebur, an ma lulluɓe ta da ɗankwali don ƙura. Ɗakin kuwa ginin ƙasa ne mai kauri, ga rufin kwano. Wato an toshe ta ta fuska biyu: ba ta jin ƙarfen sabis da kyau, wayoyin da ke tsakar gida ma ba sa jin ta. Na ɗauke ta na riƙa zagayawa da ita ɗaki-ɗaki ina kallon fitilun da ke nuna ƙarfin sabis, har na samu wata taga mai kallon inda ƙarfen garin yake. Na ɗora ta a sama kan kanta. Fitila ɗaya ta koma uku, ban kashe ko kwabo ba. A kula kuma da zafi. A watan Maris da Afrilu namu na ƙasar Sakkwato, rautar da aka rufe da tsumma ko aka bari rana na dukanta za ta yi zafi ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. A bar ta ta sha iska, a riƙa kakkaɓe mata ƙura lokacin hunturu.

Wasu rautoci suna nuna sunan Wi-Fi biyu, ɗaya na 2.4 GHz, ɗaya na 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango na karya shi da wuri, na 2.4 ya fi nisan zango. In kana ɗaki ɗaya da akwatin, hau na 5. In kana zaure shi yana cikin gida, na 2.4 ne naka. Kada kuma ganin "5G" a ƙarshen sunan Wi-Fi ya ruɗe ka, ba shi ne sabis ɗin 5G da MTN ya fara a wasu biranen Nijeriya a 2022 ba. Na ji ɗan ajinmu yana cika baki da wannan, ban dai ce masa komai ba.

Bayan na gyara wurin ajiya, kira ya yi sauƙi, amma da daddare in'ina ta dawo. Na shiga saiti na duba jerin wayoyin da ke kan rautar, sai na ƙirga goma sha ɗaya, alhali mu huɗu ne masu waya a gidan. Kalmar sirri ta zaga unguwa. Ga kuma ɗan baffana yana ɗora bidiyon biki a sitatus. Wannan na ƙarshe ya fi komai illa, domin hanyar fitar da saƙo daga rauta ta fi ta shigowa ƙunci. Bidiyo babba ya shiga gaba, sai gunduwoyin muryar Inna su tsaya a layi bayansa, kamar mai keke da ya biyo bayan tirela a ƙofar kasuwa. Maganinsa shi ne a canza kalmar sirri, a kuma roƙi 'yan gida su dakata da ɗorawa da saukewa har a gama kira. Rautar da ke da saitin da ake kira QoS, ana iya ba wayar mai kira fifiko a can.

To idan kira ya lalace, ta yaya za ka gane zangon? Matso kusa da rautar ka sake kira. In ya gyaru, zango na farko ne. In bai gyaru ba, buɗe manhajar Speedtest ka kalli lambar da ake kira fin, wadda ake rubutawa "ping", ita ce ke auna lokacin zuwa da dawowar saƙo. Ƙasa da 100 kuma a tsaye, lafiya lau. In tana tsalle daga ƙasa zuwa ɗaruruwa, to ko wani na cinye hanya a gida, ko ƙarfen sabis ya cika da jama'a, abin da ya fi faruwa bayan sallar isha'i. Mu sai muka mai da kiran Inna bayan asuba, kafin Baffa ya fita kasuwa. In kuma ka kira mutum biyu lafiya, na uku ne kaɗai ke yankewa, matsalar tana wurinsa, bar taɓa akwatinka.

Akwai ƙananan alamomi da ke da sauƙin magani. Kana jin sa ba ya jin ka: duba ko ka ba manhajar izinin amfani da makirfo, ko ƙura ta toshe ramin makirfon. Kana jin muryarka na dawo maka: lasifikar wancan ce ke mai da ita, ya sa iyafis. Kira ba ya shigowa sai ka buɗe manhaja: saitin tattalin batir ne ya kwantar da ita. Sabis ya yi rauni: kashe bidiyo ku yi murya zalla, sannan a saitin data na WhatsApp akwai wurin rage cin data lokacin kira. Malaman da ke da wayar tebur ta intanet a ofis, in murya na tafiya ɓangare ɗaya kawai, su gwada kashe saitin SIP ALG a rauta.

Kashewa da kunnawa na maganin abubuwa da yawa: zare wuta, jira rabin minti, mayar. Amma kada a haɗa shi da ɗan ramin nan da aka rubuta "Reset" a jikinsa. Wanda ya zura tsinke ya danne shi ya goge duk saitin da aka yi, akwatin ya koma yadda ya fito daga kwali. Batun wuta kuma, yawancin rautocin gida bolt 12 suke ci, saboda haka ƙaramin batirin sola ko fawa banki mai igiyar da ta dace zai riƙe ta in an ɗauke wuta. A duba abin da aka rubuta a jikin cajarta kafin a haɗa, kada a ƙone ta.

Zango na uku ba a hannunmu yake ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet da ke ƙarƙashin teku, irin su MainOne da WACS, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta wahala a Nijeriya da maƙwabtanta na kwanaki. A watan Satumba 2021 kuma an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. A irin wannan rana ko rautar zinare gare ka, ba ta da wanda za ta yi magana da shi. Haka nan wasu ƙasashe suna toshe kiran da kansu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kiran WhatsApp ba ya tafiya, shi ya sa 'yan'uwa da ke Dubai suke cewa a neme su ta Botim. In matsala ta daɗe kuma ka tabbatar ba daga gida take ba, kira kamfaninka a 300, in ba su share maka hawaye ba ka kai ƙara NCC a 622.

Abu ɗaya da na jaddada wa mutanen gidan kafin in dawo: kiran WhatsApp ba ya isa lambar gaggawa ta 112, kuma da zarar wuta ko data ta ƙare, ya tsaya. Gidan da ke da tsohuwa ko mai juna biyu, lalle a ajiye ƙaramar waya mai maɓalli da caji da ɗan kati a ciki.

Ranar da zan taho, Inna ta yi minti ashirin tana hira da Baffa ba yankewa, har ta yi masa faɗa kan ya rame. Da ta gama sai ta ɗauko ɗankwalin nan za ta sake lulluɓe akwatin, na ce, "Inna, don Allah a bar shi ya sha iska."