Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Mitar Shagunan Gado a Kunci

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana jerin shaguna biyar a bakin kasuwa a Kunci. A da akwai injin niƙa a na ƙarshen, amma ya fi shekara goma a kulle. Yanzu muna so mu gyara mu zuba 'yan haya: mai walda, mai sayar da ruwan sanyi, teloli biyu da mai cajin waya. A bangon ciki mun tarar da wata baƙar mita mai gilashi da faifai a cikinta, da manyan fiyus uku, da akwatin ƙarfe mai zobba uku da wayoyi suka ratsa. Yaron da ke mana wayarin ya ce a ɓalle su a zubar, a jona sabuwar waya a kan tsohuwa. Wace irin mita ce wannan, kuma ta ina za mu fara? (Daga wani mai karatu a Kunci)

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Kafin komai, Malam, ka dakatar da yaron nan. Mitar ba ta cikin gadonku. Daga falwaya zuwa mita hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wato KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa tun Nuwamban 2013. Tsinke hatimin dalmar da ke jikin murfinta laifi ne mai tara a ƙa'idojin hukumar NERC. Kuma shago ya shekara goma a kulle ba ya nufin wayar da ta shigo daga titi ta mutu.

Abin da ka gani irin mitar da ce, ta kafin zuwan mai kati. Faifan na alminiyom ne, ƙarfin maganaɗisun da wuta ke haifarwa ne ke juya shi, shi kuma ya juya lambobin da ma'aikaci ke zuwa ya karanta. Goge ƙurar gilashin da busasshen tsumma, ka haska tocila, ka karanta farantin da ke ciki ba tare da ka buɗe komai ba. Za ka ga sunan maƙera, kamar Ferranti ko Landis & Gyr, ko EMCON da ta riƙa haɗa mitoci a Zariya. Za ka ga lambar mitar, sau da yawa har da shekarar ƙira. Tambarin mai ita ma yana faɗin zamaninta: ECN kafin 1972, NEPA daga 1972, PHCN daga 2005. In an rubuta 230 ko 240V, mai layi ɗaya ce. In ka ga 415V, mai layi uku ce, kuma fiyus ukun nan da injin niƙan sun riga sun nuna hakan.

Zobban nan uku su ne abin da na fi so ka kula da shi. Masu aikin suna ce musu si-ti. Idan wutar da wuri ke ja ta fi ƙarfin ta bi ta cikin mita kai tsaye, sai a zura kowace babbar waya ta cikin zobe, zoben ya aika wa mita ɗan kaso kaɗan. A jikinsu akwai rubutu irin 100/5 ko 200/5. Na farko yana nufin a ninka abin da mita ta nuna sau 20, na biyu sau 40. Wanda bai san haka ba zai karanta yunit 50 ya ɗauka shi ke nan, alhali dubu ɗaya ko dubu biyu aka sha. Hatsarinsu kuwa, in aka cire siraran wayoyin da ke tafiya daga zobe zuwa mita alhali wuta na gudana a babbar wayar, bakin zoben na iya tara wutar da za ta kashe mutum. Ganinsu kuma yana nuna an yi wa ginin rajista a matsayin mai jan wuta da yawa, abin da zai iya shafar kuɗin da ake caje ku.

Saboda haka matakin farko ba na sukudireba ba ne. Ɗauki hoton farantin da lambobin da mitar ta tsaya a kai, ka nemo tsohuwar takardar bil a cikin kayan marigayi, ka je ofishin kamfanin da ke kula da yankinku. Ka tambayi ko akwai bashi a asusun. In akwai, ka san hukuncinsa: bashin mamaci ana sauke shi kafin a raba gado. Sannan ka rubuta takardar neman su zo su yanke wutar, su ɗauke kayansu da hannunsu, su canja sunan da ke kan asusun, ka riƙe kwafi mai hatiminsu.

Batun jona sabuwar waya kan tsohuwa kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Na taɓa tsayawa ana buɗe silin wani shago da ya daɗe a rufe. Mai aikin ya lanƙwasa wayar da yatsa biyu, robar ta ruɓushe kamar busasshen ganyen kuka, jan ƙarfen ya fito tsirara. Zafin kwano a bazara ya gasa ta, ɓera ya ci rabonsa, ga shi tana kwance kan katakon da gara ta rarake. Daga ƙasa babu abin da ido zai gani. Wanda ya san aikinsa yana da na'urar gwada lafiyar robar waya, mega suke ce mata, kuma da ita ake yanke hukunci. A ginin da ya kai shekarun naku, na fi zaton sakamakon zai ce a zare duka.

Akwai wani tarko da ke kama har ƙwararru, shi ne launi. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, wayoyin wuta ja ne da rawaya da shuɗi, baƙa ita ce nutural. A sabon tsarin da Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006, wanda wayoyinsa suka shigo kasuwanninmu, masu wuta su ne ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka, shuɗiya kuma ta zama nutural. Ka ga baƙa da shuɗiya sun yi musayar aiki. Yaro ya haɗa shuɗi da shuɗi cikin kyakkyawar niyya, sai firizar mai ruwan sanyi ta sha wutar da ta haura 400 maimakon 230.

Wajen sabon aikin, ka fara da lissafin abin da kowane ɗan haya zai kunna, domin kayan tela da na mai walda ba ɗaya ba ne. A raba shagunan kan layukan uku yadda nauyi ba zai taru a kan guda ba, a ware wa mai walda nasa layin da tasa breka, kuma a sanar da kamfani da zuwansa, don taransifomar unguwa ce za ta ɗauki nauyin. An saba sa waya mai kaurin 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, abin da ya fi haka nauyi a ƙara kauri bisa lissafi. A saya ta jan ƙarfe zalla, a kankare bakinta da wuƙa a gani, don akwai alminiyom da ake shafa wa jan launi. A bi da ita cikin bututu. A kafa sandar atin a ƙasa a gwada ta da na'ura, musamman da yake ƙasa mai yashi in ta bushe da rani ba ta karɓar wuta da kyau. A sa breka mai yanke wuta idan ta fara zurara, ta miliyamfiya 30, lallai a shagon da ake taɓa firiza da jiƙaƙƙen hannu. Duk mai janareta ko sola a sa masa makunnin da ke raba wutarsa da ta layi, kada ya mayar da wuta kan ma'aikacin da ke saman falwaya.

Ka nemi mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba irin wannan aiki, yaronka ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya ƙaru. Sannan kowane shago ya samu mitarsa mai kati. In hakan bai samu nan take ba, a sa ƙananan mitoci a bayan babbar, kowa ya riƙa ganin abin da ya sha, don tela ba zai daɗe yana biya wa mai walda kuɗin wuta ba kafin maganar ta iso ƙofar gidanka.