Darasi: Wuni guda a fadar Damagaram

Idan an gama noman farko, kafin a shiga maimai, manomi yana samun ƴan kwanaki na hutu. Yara ma suna gida, don lakkol tana hutun damina. Lokaci ne mai kyau na zuwa buɗe ido. Wannan darasi yana bayani a kan wuri guda da ya kamata kowa ya gani, wato fadar Sarkin Damagaram. Gidan ƙasa ne, irin ƙasar da ake gini da ita a kowane ƙauye. Ya fi shekara 170 a tsaye. Me ya riƙe shi har yau? Amsar tana da amfani ga duk mai ɗaki da rumbu.

Hanya

Garin Damagaram, wanda ake rubuta Zinder a takardun gwamnati, yana gabashin Maraɗi. Daga Maraɗi kusan kilomita 240 ne. Daga Yamai kusan kilomita 900. Mutanen ƙauyukan kusa suna iya fita bayan sallar asuba, su koma gida kafin dare. Mai tafiya ya riƙe katin shaidarsa, da gorar ruwa, da ɗan guzuri. Ya riƙe littafinsa da alƙalami kuma, don ya rubuta abin da ya gani.

Tsohon garin kashi biyu ne. Akwai Zango, inda fatake da ayarin raƙuma suke sauka a zamanin da. Akwai Birni, inda sarki yake zaune. Fada tana cikin Birni.

Da safe a cikin Birni

Baƙo zai fara ganin manyan duwatsu, wasu bisa wasu. An gina gidaje a tsakaninsu. Hanyoyin unguwar ƙanana ne, suna lanƙwasa. A fuskar wasu gidaje akwai zane da magina suka yi da hannu, tun ƙasa tana ɗanya. A saman soraye akwai zanko, kamar kunnen zomo. A da, zanen ƙofar gida yana nuna arzikin mai gidan.

Daga nan sai filin ƙofar fada. A nan jama'a suke taruwa ranar salla, da dawakai da makaɗa, da masu kakaki da algaita.

Ladabin shiga

Fada gida ce da mutane suke zaune a ciki. Sarki yana nan da iyalinsa da fadawansa. Saboda haka ba a shiga kai tsaye. A ƙofa akwai dogarai masu riguna ja da kore. Baƙo ya yi musu sallama, ya faɗi ƙauyensu, ya ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ganin gida ne." Dogari zai nemi izini, sa'an nan ya shige gaba. Inda ya ce a tsaya, a tsaya. Sashen mata ba wurin baƙi ba ne. Mai son ɗaukar hoto ya tambaya tukuna.

In aka yi sa'a sarki ya fito zaman fada, sai a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce: "Allah ya ja zamanin sarki." Dogarai ne suke amsawa.

Ana bi ta zaure, a fita tsakar gida, a sake shiga wani zaure. Ko rana ta take, cikin zauren da sanyi. Dalili shi ne kaurin bango. Ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa da sauri.

Har yau ana aiki a fada. Mutane suna kawo rigimar gona, da ta gado, da ta aure. Dokar ƙasa ta ba sarakuna ikon yin sulhu a irin waɗannan rigingimu. In an sasanta, ana rubuta takardar sulhu. Wanda ya iya karatu yana duba abin da aka rubuta kafin ya sa hannu.

Wa ya gina fada?

Sarautar Damagaram ta soma wajen shekarar 1731. Wani malami Babarbare ne ya kafa ta. Sarakunan farko suna ƙarƙashin Barno, suna kai mata gaisuwa. A farkon ƙarni na 19, Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da gidan sarauta Zinder.

An gina fadar da ake gani yau wajen shekarar 1850. Sarkin da ake ambata da ginin shi ne Tanimu ɗan Sulaiman. Ya yi sarauta ta ɗan lokaci daga 1841 zuwa 1843. Ya sake hawa a 1851, ya riƙe ƙasa har rasuwarsa a 1884. A zamaninsa Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai. Maƙeransa suna ƙera igwa, ana haɗa albarushi a garin. Ya kewaye Birni da ganuwa mai tsayin kusan mita 10.

Dukiyar wannan aiki ta fito daga haraji da yaƙi da fatauci. Ayari yana tashi daga Zango, ya bi ta Agadas, ya ƙetare hamada har Tarabulus. Ana kai fatu da gashin jimina. Ana kai bayi kuma, mutanen da aka kamo daga ƙauyuka. Wannan ma tarihi ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Mai kallon ginin ya tuna da sarki, ya tuna da bayi da talakawan da suka ɗauki ƙasa da ruwa a ka.

Zuwan Faransawa

A watan Afrilu 1898 wani kaftin na Faransa, Kazamaju, ya sauka a garin. Sarki a lokacin shi ne Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimu. Aka kashe kaftin ɗin da tafintansa. A ƙarshen watan Yuli 1899 sojan Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, yamma da garin. Mayaƙan Damagaram suka sha kashi. Aka kashe Kuran Daga a watan Satumba na wannan shekara.

A 1906 Faransawa suka zargi sarkin da ya gaje shi, Amadu ɗan Basa, da shirya tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi ƙasar Kodibuwa. Sai a 1923 aka naɗa sabon sarki, Barma Mustafa. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin Nijar, kafin a koma Yamai. Duk wannan ya wuce a kan fada, ba ta faɗi ba.

Da me aka gina ta?

Kayan ginin duk sanannu ne:

1. Tubali. Ana kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta kwana, a cura da hannu, a shanya a rana.

2. Azara. Ana tsaga ta daga itacen giginya. Gara ba ta cin ta da sauƙi. Da ita ake rufi, da ita ake ɗaura bakan gizo mai riƙe rufin babban soro.

3. Yaɓe. Shi ne rigar gini. Magina suna jiƙa ɓawon ɗorawa, su sami makuba, su gauraya da ƙasa. Makuba tana hana ruwa shiga bango.

4. Indararo. Shi ke fitar da ruwan rufi, ya zubar da shi nesa da gindin bango.

Babu ɗaya cikin waɗannan da yake dawwama. Yaɓe yana zaizayewa kowace damina. Indararo yana toshewa. Abin da ya riƙe fada shi ne gyara. Akwai mutane a ciki, ido yana kan kowace tsaga, ana toshe ta tun tana ƙarama.

Abin da ruwa ya yi

Mai ziyara ya nemi a nuna masa ganuwar Tanimu. Ta fi bangon fada kauri nesa ba kusa ba. Amma da aka daina yaƙi, aka daina gyaranta. Ruwa da iska suka cinye ta sannu a hankali. Yau sai guntaye nan da can.

Akwai abin da ya fi wannan zafi. A cikin Birni akwai tsohon masallaci na ƙasa, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Baƙi daga nesa suna zuwa ganinsa. A daminar 2024 an yi ruwa mai yawan gaske a Nijar, gidaje dubbai suka rushe, mutane da yawa suka rasu. A farkon watan Satumba na wannan shekara masallacin ya faɗi. Tun 2006 gwamnati ta sa Birnin Zinder cikin jerin wuraren da take son hukumar Unesko ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Amma suna a takarda ba ya tare ruwa.

A Agadas akwai misali mai kyau. Hasumiyar masallacin garin ta ƙasa ce, tsayinta mita 27. An sake gina ta a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta matakai ne, a kansu magina suke hawa su sabunta yaɓe. Tun ranar gini aka shirya hanyar gyara.

Da la'asar a garka

Bayan azahar, sai a nemi inuwa. Damagaram gari ne na dutse, ruwan sha ya daɗe yana wahalar da mutanensa. Amma duwatsun suna tara ruwan sama a kwari. Wani Bajamushe mai yawon ƙasashe, Bart, wanda ake kira Abdulkarim, ya zauna a garin daga Disamba 1852 zuwa Janairu 1853, zamanin Tanimu. Ya rubuta cewa ruwa yana kusa a gindin duwatsu. Ya ga gonakin taba da itatuwan dabino.

Wanda yake son ganin manyan garake ya shiga mota zuwa Mirya, kilomita 18 daga garin. Mirya tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, ƴar uwar Dungas da Waca. An san ta da manyan kukoki da garake. Akwai mangwaro da gwaba da lemu da dabino. Da rani ana shuka albasa da tumatir da salati da barkono. Bayan farin 1984, gwamnatin Saini Kunce ta ƙarfafa irin wannan noman rani a duk faɗin ƙasa.

Baƙo ya yi sallama da mai garka kafin ya ƙetare shinge. Kada yara su tsinki kome. Ya tambaye shi: "Baba, sau nawa kake gyaran shinge? Yaushe kake yashe rijiya?" Zai ji amsa irin ta magina. Garkar da aka bari shekara guda, awaki sun shiga, rijiya ta rufta, itatuwa sun bushe. Da gini da garka duk hannu suke so.

Abin yi a ƙauye

Ba kowa ke da fada ba. Amma kowane ƙauye yana da masallaci, da zauren maigari, da ɗakin karatu, da rumbuna. Kowane gida yana da ɗakin da yara suke kwana. Ginin ƙasa da ya jiƙe yana iya faɗa wa mutane cikin dare. Ga abin da magina suka sani:

1. A yi yaɓe da bazara, kafin ruwan farko.

2. A hau rufi a share shi, a cire ciyawa, a toshe ramuka.

3. A buɗe indararo. In gajere ne, a sa dogo.

4. A tara ƙasa a gindin bango, ta gangara waje, don kada ruwa ya kwanta. Yawancin bango daga gindi yake mutuwa.

5. Kada a haƙa ramin ɗibar ƙasa kusa da gida. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa.

6. A yi hankali da shafa siminti a kan bangon ƙasa. In ruwa ya shiga bayansa ba ya fita. Ƙasa tana ruɓewa a ɓoye, siminti ya ɓamɓare.

7. In bango ya tsage daga sama har ƙasa, ko azara ta lanƙwasa, a fitar da iyali a ranar. Kada a jira gobe.

Ginin jama'a aikin gayya yake so. Maigari da liman da shugabannin matasa da na mata su sa rana guda kowace shekara. Ɗaya daga cikin masu karatun yaƙi da jahilci ya rubuta ranar, da sunan wanda zai kawo ƙasa, da mai kawo ruwa, da mai kawo ciyawa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

A karanta darasin sau biyu, sa'an nan a amsa:

1. Wane sarki ake ambata da ginin fadar Damagaram?

2. Me ya sa ganuwa ta lalace, fada ba ta lalace ba?

3. Me ya sami tsohon masallacin Birni a shekarar 2024?

4. Mene ne amfanin makuba? Mene ne amfanin indararo?

5. Wane gini ne ya fi tsufa a ƙauyenku? Wa ya gina shi? A tambayi tsofaffi, a rubuta amsarsu cikin layi biyar.

Lissafi

1. Tanimu ya sake hawa sarauta a 1851, ya rasu a 1884. Shekara nawa ke nan?

2. Zinder ta zama babban birni daga 1911 zuwa 1926. Shekara nawa ke nan?

3. Mutum 12 za su je Damagaram. Kuɗin mota jikka 2 ne kowane mutum, zuwa da dawowa. Jikka nawa za su tara?