Gayyatar Baƙo Mai Jawabi: Abin da Ya Kamata Ƙungiyoyin 'Yan Kasuwa Su Lura da Shi

A Abule Egba da Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa a kan fataucin goro da shanu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa sukan shirya taron ƙara wa juna sani, ko bikin rantsar da sababbin shugabanni, kuma akan so a sami babban baƙo mai jawabi. Sau da yawa kwamitin shirye-shirye yakan fara da tambayar wane mai suna za a samu, alhali kuwa tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: wace matsala ce take ci wa 'yan ƙungiya tuwo a ƙwarya?

Matsalolin ba iri ɗaya ba ne. Mai sayar da gwanjo a kasuwar Katangowa yana fama da tsadar dala da dokar hana shigo da tsofaffin tufafi, kuma bai manta da rufe kan iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba. Dillalin shanu a Oko-Oba kuwa, damuwarsa kuɗin mota daga Arewa da yawan harajin kan hanya. Dukansu biyu sun ɗanɗana ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, kuma dukansu suna da buƙatar wanda zai fayyace musu sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Wanda ya san kwastan ba lalle ne ya san haraji ba.

A ilimin tattalin arziki, tsadar abu ba ta tsaya ga kuɗin da aka fitar daga aljihu kaɗai ba, har da abin da aka rasa saboda shi. A ɗauka 'yan kasuwa 200 suka bar rumfunansu na tsawon rabin yini, kowanne kuma yakan sami ribar naira 10,000 a wannan lokaci. Ke nan taron ya ci naira miliyan 2 tun kafin a biya kuɗin zaure da abinci da ladan mai jawabi. Saboda haka baƙon da ya zo kyauta ya yi ta kame-kame na awa biyu ya fi tsada a kan wanda aka biya naira 300,000 ya warware wa mutane matsala guda.

Suna ma haja ne, yana da farashinsa. An ba da rahoton cewa jaridar ThisDay ta biya tsohon shugaban Amurka Bill Clinton dala 700,000 a kan jawabi ɗaya a Legas cikin 2012. Jarida tana iya mayar da irin wannan kuɗi ta hanyar talla da masu ɗaukar nauyi. Ƙungiyar mahauta ba ta da wannan kafa, don haka ilimi ya kamata ta saya.

Akwai inda za a samu da sauƙi. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan masana'antu, da Hukumar Rajistar Kamfanoni, da Majalisar Ciniki da Masana'antu ta Legas wadda aka kafa a 1888, duk wurare ne da ake iya rubuta wa takardar neman jami'i. Bankuna ma sukan turo ma'aikatansu, ciki har da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz, amma a san cewa ma'aikacin banki hajarsa ya zo tallatawa. Ba laifi ba ne, muddin an bayyana wa mahalarta tun farko.

Babban haɗari shi ne mai zaƙin baki da yake yi wa mutane alkawarin ninka jari cikin wata guda. Dimbin jama'a sun yi asara a MMM a ƙarshen 2016, aka kuma maimaita da CBEX a Afrilun 2025. Irin waɗannan tsare-tsare suna yaɗuwa ne ta hanyar amana, kuma idan shugaban ƙungiya ya zaunar da mutum a babban teburi kusa da sarkin kasuwa da liman, to, ya ara masa amanar da ba ta saye da kuɗi. Duk wanda zai yi magana a kan zuba jari, wajibi ne a bincika ko kamfaninsa yana da rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari, wato SEC, kafin a buga sunansa a katin gayyata.

Daga nan sai yarjejeniya a rubuce, ko da shafi ɗaya ce. Al'adar cewa "za a ba Malam goro" ita ce take haddasa ɓacin rai bayan an watse. A faɗi adadin ladan, da wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki, da abin da zai faru idan baƙon ya fasa ko ya turo wakili. Rabi kafin taro, rabi bayansa, ya fi zama adalci ga kowa.

Harshe ma abin dubawa ne. Laccar Turanci zalla a gaban dattawan Zango asarar kujeru ce. In babu mai Hausa, a tanadi tafinta wanda ya san kalmomin ciniki, a kuma rage tsawon jawabin, tun da fassara tana ninka lokaci. A kauce wa ranar Juma'a, a yi lissafin cunkoson titin Legas zuwa Abeokuta, sannan a ware aƙalla rabin awa domin tambayoyi, waɗanda ya kamata a tattara daga 'yan ƙungiya a aika wa baƙon mako guda kafin ranar taro.