Yadda Likita Ke Hango Makomar Mai Kumburin Haƙori

Daga unguwar Kusfa zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Duk da haka, mai ciwon haƙori kan kwashe kwanaki yana cusa kanumfari a kogon haƙorin, yana haɗiyar ƙwayoyin kemis, sai kumburi ya sauko wuya tukuna a nemi abin hawa. Waɗannan kwanaki su ne abu na farko da likita ke tambaya, domin da su yake fara auna ko majiyyacin zai tashi.

Yawanci matsalar kan faro ne daga haƙoran tauna biyu na ƙarshe a muƙamuƙin ƙasa. Saiwoyinsu sun nutse ƙasa da wata tsoka da ta shimfiɗu a ƙarƙashin harshe, saboda haka idan mugunya ta huda ƙashi, sai ta malala cikin naman ƙarƙashin haɓa maimakon ta fashe a baki. Daga nan harshe ya ɗago, ya koma baya, ya fara toshe hanyar iska. Wani likitan Jamus mai suna Wilhelm Friedrich von Ludwig ne ya bayyana wannan cuta a 1836, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Kafin yaɗuwar allurar fenisilin a shekarun 1940, fiye da rabin waɗanda ta kama mutuwa suke yi. A yau, inda aka sami kulawa da wuri, adadin bai kai 10 cikin 100 ba.

To, me likita ke dubawa? Lafiyayyen baligi na iya jera yatsunsa uku tsakanin haƙoransa na sama da na ƙasa, wato kimanin milimita 40. In bakin ya ƙi buɗuwa sai da yatsa ɗaya, cutar ta kai ga tsokokin tauna ke nan. Dalalar miyau, da kasa haɗiya, da shaƙewar murya, da kasa kwanciya rigingine, duk alamu ne cewa numfashi na cikin haɗari. Likita kan kuma ƙidaya gurabun da mugunya ta mamaye, ya auna zafin jiki da bugun zuciya, ya duba yawan fararen ƙwayoyin jini. Mafi muni shi ne ta gangara ƙirji, kusa da zuciya.

Sai kuma ciwon suga, wanda ke raunana garkuwar jiki, ya sa cutar ta yi saurin bazuwa. Wasu ma sai a wannan rana suke sanin suna ɗauke da shi. Tsofaffi da masu juna biyu su ma akan sa musu ido sosai.

Ya kamata ɗalibai su lura, wannan ba hangum ba ne. Hangum kusa da kunne yake kumbura, kuma yara ya fi kamawa. Shi kuwa wannan ƙarƙashin haɓa yake, da tauri kamar katako, kuma sakiya ba abin da za ta ƙara masa sai ɓata lokaci.

Lissafin da likita ya yi shi zai nuna ko cire haƙori da ba da magani sun isa, ko kuwa sai an garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a tsaga a fitar da mugunya, wani lokaci har a huda maƙogwaro a sa bututun numfashi.